Gwangwanin Dije Mai Kitso

Shekara talatin da huɗu ke nan Gwaggo Dije tana kitso a tsakar wani gidan haya da ke bayan babban masallacin Zongo, a Kwatano. Sunanta na yanka Dijatu. Ƙawar mahaifiyata ce, ba mu haɗa jini ba, amma tun ban iya magana sosai ba nake ce mata Gwaggo, kuma a tsakanin gwiwoyinta na yi kukan kitsona na farko. Gajeriya ce mai kaurin yatsu. Ba ta cika dariya ba, sai dai ta sa wasu su yi. Kayan aikinta ba su wuce kujera 'yar tsugunno da tabarma da mataji biyu da tsinken tsaga da kwalbar man kaɗanya ba. Da damina, in ruwa ya cika tsakar gida kamar yadda ya saba yi a unguwarmu, sai ta ja tabarmar zuwa ƙarƙashin rumfar kwano a ci gaba da aiki.

Duk wadda ta gama yi wa kitso, sai ta tsince gashin da ya maƙale a mataji, ta tattara wanda ya zuba a tabarma, ta mulmule shi ta danƙa wa mai shi a hannu. Haka ake yi a Zongo. Mace ba ta barin gashinta a gidan wani, don kowa ya tashi da jin cewa da gashi ake yi wa mutum asiri. Wasu su binne, wasu su cusa a ramin katanga. Masu zuwa Islamiyya sukan ce camfi ne, sannan su miƙa hannu su karɓa su ƙulle a bakin zane.

Ni na yi shekara bakwai a Maroko ina karatun aikin ruwa. Kwana uku da dawowata na je na zauna a tabarmar Gwaggo. Ta cire mini ɗankwali, ta juya kaina dama da hagu.

"Zahida, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ƙawayena ne 'yan makaranta, Gwaggo."

"To Allah ya shirye su. Sunkuya."

Sai da sauran matan suka watse, ya rage daga ni sai ita, sannan ta rage murya ba tare da yatsunta sun tsaya ba.

"Ke da kika zaga duniya. A can akwai matan da ke tsige gashin kansu da hannunsu?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan. Na tambaye ta dalili. A ranar na ji abin da mahaifiyata ma ba ta sani ba.

A Malanbil aka haife ta, can arewa bakin kogi. Tana da shekara goma sha tara ta auri Idi, dillalin shanu, suka taho Kwatano. Idi yakan fita kara tun da safe, sai magariba. Ita ba ta jin Fon, yaren mutanen garin, ba ta jin Faransanci, ɗaki ɗaya, ruwan sama ba ya yankewa. Ɗanta na fari ya rasu yana wata huɗu. Ta ce wata rana tana zaune a bakin gado ta farga da gashi a cinyarta, ta rasa daga ina ya fito, sai ta ga hannunta na hagu a bayan kunne yana lalube.

"Wani abu ne ke taso miki kamar ƙaiƙayi, amma ba a fata yake ba," in ji ta. "Sai kin tsige ɗaya ki ji sanyi. Kafin ki ankara kin tsige hamsin. Sannan kunya ta rufe ki, ki rantse kin daina. Gobe ki sake."

Da Idi ya ga wurin, hankalinsa ya tashi. Aka ce aljana ce ke yi mata aski. Ta sha rubutu, ta sha hayaƙi, ba ta iya buɗe baki ta ce ita ce da kanta ba. Abin da ya kawo mata sauƙi, wata maƙwabciya ce ta roƙe ta ta kama wa 'ya'yanta kai saboda Sallah. Ta wuni tana kitso, da yamma ta tuna hannunta bai je bayan kunne ko sau ɗaya ba. Washegari ita ta fita neman kawunan yara. Da haka ta zama makitsiya. Abin bai rabu da ita gaba ɗaya ba, ya dawo da ƙarfi shekarar da Idi ya rasu, amma ta san hanyarsa, ta san inda za ta tare shi.

Matar aure a Zongo, kanta a rufe yake daga safe har dare. Wata ko mijinta bai san tsakiyar kanta ba kamar yadda makitsiya ta sani. Gwaggo ta ce da ta taɓa kai take gane abin da ya cinye gashi. In jan kitso ne, daga goshi yake farawa. In makero ne, za a ga fata ta yi fari tana ɓarewa. Amma in hannu ne, fatar lafiya lau, gashin a kakkarye, wani dogo wani gajere, kuma yawanci a ɓangaren hannun da mace ta fi aiki da shi.

"In na gani ba na cewa komai," in ji ta. "Sai in karkata tsaga in rufe wurin. Sai ta zo sau biyu, sau uku, ta ga ban faɗa wa kowa ba. Sannan in ce mata, 'yar nan, ni ma na yi."

A lokacin mata shida take riƙe da su. Takan ce su lura da lokacin da hannu ke tashi, ko wajen shayarwa ne, ko in an yi faɗa, ko in ana zaune gaban telebijin. Takan ba su carbi mai manyan 'ya'ya su riƙe. Wadda abin ya yi wa tsanani, sai ta yi mata ƙunshi ta naɗe yatsun da leda, a wuni ba a kwance ba. Kowa ya gani ya ce kwalliya ce.

Tambayarta ta zauna mini a rai. Na yi ta bincike har aka haɗa ni da wata likitar halayyar ɗan Adam, Madam Wassila, mai ganin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti wajen Bedoko. Da na kawo wa Gwaggo labari, ta ce ita za ta fara zuwa.

"Ba na kai 'ya'yan mutane inda ban sa ƙafata ba."

Muka hau zemijan, wato baburan haya, ita tana ta faɗa da mai tuƙin ya rage gudu. Ni na yi musu tafinta. Madam Wassila ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce abin sananne ne, har suna gare shi, tirikotilomani.

"Duk wannan sunan na tsigar gashi ne?" in ji Gwaggo. "Kafin ki gama faɗa ai ta gama da rabin kai."

Likitar ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce ba hauka ba ne. Yana cikin lalurorin da mutum ke jin wani abu yana ingiza shi, ya kasa tsayar da kansa ko da ya san zai yi nadama. Wata gashi take tsigewa, wata fata take ɓantara har jini, wata ta ɗauki ɗan abin da ba ta da buƙatarsa a kasuwa, wata kuma fushi ya ɓalle mata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta ce mata sun fi ɓoyewa, shi ya sa sukan daɗe ba su sami taimako ba. Maganin farko shi ne mace ta koyi gane lokacin da abin ke tasowa, ta ba hannun wani aiki na minti ɗaya ko biyu har ya lafa, sannan ta sami mutum ɗaya da ya sani, wanda ba zai tsawata mata ba. In akwai matsananciyar damuwa a tare, sai a haɗa da ƙwayoyi. Ta ce addu'a ba ta hana wannan, wannan ma bai hana addu'a.

"To ai abin da nake yi ke nan," in ji Gwaggo, ta juyo gare ni. "Tambaye ta ko ta san gwangwani."

Ni ma a nan na fara jin labarin gwangwanin. Kowace daga cikin matan shida, gashin da hannunta ya tsige a mako ba ta zubarwa. Takan tara ta kawo wa Gwaggo ranar kitso. Gwaggo ta ƙulle shi a ƙyallen zanen mai shi, don ita ba ta rubutu, da ƙyalle take gane na wace ce. Ta jefa a wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta. Mako na zagayowa sai a fito da na da a ajiye kusa da na yanzu. In ƙullin ya ragu, mace ta gani da idonta. In ya ƙaru, sai Gwaggo ta ce, me ya faru a gidanku wannan makon?

Madam Wassila ta ajiye alƙalaminta. "Wa ya koya miki wannan?"

"Wa zai koya mini? Mace ba ta yarda da sauƙi sai ta gan shi a tafin hannu."

Muna fitowa na ce, "Gwaggo, in wani ya ga gwangwanin nan fa? Kin san mutanenmu da gashi."

"Wa zai leƙa ƙarƙashin gadona?" in ji ta.

A cikin shidan, Munirat kaɗai na sani, don ita ta yarda na raka ta wurin likita. Shekararta ashirin da huɗu, matar Kamaludeen ɗan Alhaji Maishanu, wanda ke sauke shanu daga arewa. Abin ya same ta bayan haihuwarta ta fari. Mahaifiyarta na Paraku, don haka uwar mijinta, Hajiya Ramlatu, ita ta yi mata wankan jego, ita ta dama mata kunun kanwa. Hajiya mace ce mai zafi da babbar murya, amma duk Zongo an san yadda take ji da Munirat. Ba ta ce mata suruka, sai 'yata. Ita ta fara ganin wurin da ya yi fili a tsakar kan yarinyar. Ta tambaya, Munirat ta ce ba ta sani ba. Hajiya ta sayo maganin makero, ta karɓo rubutu, wurin sai faɗi yake.

Saura mako uku babbar Sallah, Hajiya Ramlatu ta zo tsifa wurin Gwaggo. Ana cikin yi aka kece da ruwa irin na Kwatano, kwata ta cika ta juyo, ruwa ya fara shiga ɗakuna. Matan da ke wurin suka ruga suna taya Gwaggo ɗora kaya a kan gado. Hajiya ta durƙusa ta jawo gwangwanin. Murfin ya faɗi. Ƙulle-ƙulle suka zubo, ɗaya ya kwance, gashi ya bazu a kan ruwa.

Mahaifiyata na wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce Hajiya ta sa hannu ta ɗauko wani koren ƙyalle. Atamfar da ita da kanta ta zaɓo wa Munirat a kasuwar Dantokpa ce, ta fitar suna.

"Dije, mene ne wannan?"

"Ajiya ce, Hajiya."

"Ajiyar wa?"

"Ta masu ita."

"Gashin 'yata a ƙarƙashin gadonki? Wata takwas kanta na ƙarewa, ina yawon neman magani, ashe ke ce?"

Hajiya ta fita cikin ruwan da rabin kai a tsefe.

Kafin azahar ta washegari babu gidan da labarin bai shiga ba. Tabarmar da a irin wannan lokaci sai an yi layi ta zama wayam. Wata ta tuna ciwon kan da ta yi bara bayan kitso. Wata ta tuna ɓarin da ƙanwarta ta yi. Matar mai gidan hayar ta daina amsa gaisuwar Gwaggo. Mai ƙosan bakin layi ta riƙa ajiye mata ƙosai a kan benci, ba ta ba ta a hannu. Matan da Gwaggo ta yi musu kitson aure, ta yi wa 'ya'yansu, suka koma tsallaka titi zuwa shagunan gyaran gashi.

Na same ta zaune ita kaɗai a rumfa, ta damƙe carbi da hannun hagu har jijiyoyin sun fito.

"Gwaggo, ki faɗi gaskiya mana. Magana ɗaya ce."

"In na faɗi ɗaya na faɗi shida. Kowa zai je ya duba zanen da ke akwatin maƙwabciyarsa. A cikinsu akwai wadda aka sa ranarta, wata biyu ya rage. Kin san abin da dangin miji za su ce? Mahaukaciya."

"To ke fa?"

"Ni na tsufa. Su kuwa yanzu suka fara."

"Sana'arki fa? Shekara talatin da huɗu."

"Zahida, kin yi karatu amma kina da surutu. Ɗebo mini ruwa."

Munirat ta saci jiki ta zo sau ɗaya tana kuka. Gwaggo ta ce mata, "Koma gida. Ban roƙe ki komai ba, kuma ba zan roƙa ba. Ina carbinki?" Ta koma. Daga baya ta faɗa mini a cikin makon kaɗai ta tsige abin da ta yi wata uku tana tarawa a kai.

Da maganar ta yi yawa, Malama Khadijatul Kubra, mai koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa, ta kira taro ranar Asabar bayan la'asar. Ajin ya cika har taga. Hajiya Ramlatu ta zauna a gaba, Munirat a gefenta da jariri a cinya, gwangwanin kuma a kan teburin Malama. Hajiya ta ce ita buƙatarta ɗaya ce, ko Dije ta yi bayani, ko ta bar Zongo kafin Sallah, kuma Alhaji ya riga ya yi magana da mai gidan hayar.

Gwaggo ta tashi. Ta ce akwai wata lalura da ke sa mace ta tsige gashin kanta ba da son ranta ba, kuma ita ta yi fama da ita tun tana amarya. Ta sa hannu ta kwance ɗankwalinta, ta juya, ta nuna bayan kunnenta na hagu, inda gashi bai ƙara fitowa da kyau ba. Ta ce gashin da ke gwangwani masu shi ne suka kawo da hannunsu, don a ga ko suna samun sauƙi.

Aji ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata daga baya ta ce, "Kun gani, ita ma abin nata ya juyo ya ci ta."

"Kanki naki ne, Dije," in ji Hajiya. "Na 'yata nake tambaya. Wace mai hankali ce za ta zauna ta tsige kanta? Kaza ce ita?"

Wasu suka yi dariya. Malama ta ɗaga hannu.

"Dijatu, in haka ne, za ki faɗi masu ƙulle-ƙullen nan su gaskata ki?"

"Ba zan faɗa ba, Malama."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Ni ina tsaye jikin bango, ina kallon Munirat. Ta sunkuyar da kai. Ba ta zo da carbi ba. Na ga hannunta na dama ya bar bayan jariri ya shige ƙarƙashin hijabi, na ga hijabin yana motsi a hankali a tsakar kai. Ba ta ma san tana yi ba. A daidai lokacin Hajiya ta juyo.

"Munirat, ki buɗe baki ki faɗa musu ba ki taɓa ba matar nan..."

Maganar ta tsaya. Ta bi motsin da kallo. Ta kai hannu ta cafke wuyan hannun yarinyar ta jawo shi waje. Tsakanin babban yatsa da manuni akwai silin gashi huɗu ko biyar.

Hajiya ta ɗago ta dubi fuskarta.

"Munirat. Ke ce?"

"Ni ce, Hajiya. Tun arba'in. Ba na iya hanawa. Ni na kai wa Gwaggo, ni na yaga zanen na ba ta. Har likita ta kai ni. Da na fara samun sauƙi."

"Wata takwas ina shafa miki magani. Ina ɗura miki rubutu. Kina kallona."

"Na ji tsoro ne, Hajiya. Kar ki ce an kawo miki mahaukaciya gida."

Hajiya ba ta saki hannun ba. Ta kakkaɓe gashin daga yatsun da kanta, ta ɗora hannun a cinyarta ta danne da nata biyu. Can ta ce, ba da babbar muryar nan ba, "Ni na ce miki haka? Yaushe na ce?"

Wata ta ɗaga murya, "To sauran ƙulle-ƙullen fa, na su waye?"

"Ba wadda za ta sake tambayar nan, a nan ko a waje," in ji Malama. Ta rufe gwangwanin ta miƙa wa Gwaggo. "Riƙe amanarki, Dijatu. A yi addu'a a tashi."

Daga baya Gwaggo ta faɗa mini uku daga cikin biyar ɗin suna cikin ajin a ranar. Adadin kawai ta faɗa. Na yi ta tuna inda idonta ya je tun daga shigarta har fitarta, ko zan gane wata. Fankar silin take kallo, sai fuskar Malama. Har yau ban san ko ɗaya ba.

Saura kwana biyu Sallah, da hantsi, Hajiya Ramlatu ta tsaya a ƙofar gidan hayar ta yi sallama da ƙarfin da sai da maƙwabta suka leƙo.

"Dije! A gaban mutane na ɓata ki, a gaban mutane zan ba ki haƙuri. Ki yafe mini don Allah."

"Na yafe, Hajiya. Shigo, kina tara mini jama'a."

"Su taru ɗin nake so. Kuma ki ƙarasa mini kan nan, mako uku ina yawo da rabin tsifa."

"Ai na ɗauka kin kai wa 'yan shago."

"Na kai. Yarinyar ta ce wai gashina ya yi tauri. Ni!"

"Ba ta yi ƙarya ba. Zauna."

Ba kowa ya dawo ba. Akwai waɗanda har yanzu suke cewa ba a rasa wani abu a ciki, kuma mai ƙosai ta daɗe kafin ta koma ba Gwaggo ƙosai a hannu. Gwaggo ta daina ajiye gashin kowa. Yanzu mace takan zo da ƙullinta, a duba tare, ta koma da abinta. Ta ce ita ma ta yi kuskure, ta fi kowa sanin Zongo, bai kamata ta manta ba.

Hajiya ce ke raka Munirat wurin Madam Wassila duk mako biyu. Abin da ya fi yi mata wuya shi ne dokar hana tsawa. An ce in ta ga hannu ya tashi kar ta yi magana, ta miƙa wa yarinyar wani aiki. Munirat ta ce ba a taɓa tsince wake a gidan Alhaji Maishanu kamar bana ba. Gashin ya fara rufewa, ya sake buɗewa lokacin da jaririn ya kwanta zazzaɓi, yanzu kuma yana dawowa. Likita ta ce haka tafiyar take. Da Munirat da Gwaggo duk sun san ina rubuta wannan. Munirat ta ce in sa sunanta, tunda Zongo ta riga ta sani, wataƙila wata a wani gari ta karanta.

Makon jiya ina zaune a tabarma, Gwaggo ta yi mini rabin shuku, sai ga wata mata ta yi sallama. Ba 'yar unguwa ba ce. Hausarta ta kasuwa ce, ta ce daga Godome take, ta sha tambaya kafin ta gano gidan. Ta ɗaure kai da ɗankwali biyu, ɗaya kan ɗaya, ga zafin rana.

"Ke ce Dije mai kitso?"

"Ni ce. Sannu da hanya."

"An ce... an ce kina duba kai."

Matar ta kalle ni, ta kalli ƙasa. Gwaggo ta soke tsinken tsaga a gashina, ta dafa kafaɗata.

"Zahida, tashi ki je ki gai da uwarki. Sai na aiko."

Na ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, na ɗauki takalmina na fita, na ja musu ƙofa.